Wutar Iska da ta Rana: Wa Ya Kamata Ya Mallake Ta a Dala da Karkarar Kano?

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarancin wutar lantarki a Kano, hankalin masu magana yakan tafi ga tambaya guda, wato daga ina za a samo wutar, daga ruwa ne ko iskar gas ko hasken rana ko iska mai kaɗawa, alhali akwai tambaya ta biyu da ba ta gaza ta farko nauyi ba, ita ce wane ne zai mallaki injin da ke samar da wutar, kuma aljihun wa ribar za ta faɗa. Wannan sharhi ya tsaya ne a kan wannan tambaya ta biyu, tare da duban Ƙaramar Hukumar Dala da ke cikin birnin Kano da kuma karkarar da ke ciyar da birnin. Abin da ake nufi da makamashi mai sabuntuwa shi ne ƙarfin da ake samu daga abin da ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, kamar rana da iska da ruwa mai gudu, saɓanin fetur da gas da gawayi waɗanda ke ƙonewa su tafi. Mallakar al'umma kuwa ita ce tsarin da mazauna wuri suke zuba kuɗinsu a tashar wuta, su riƙe hannun jari a cikinta, su zaɓi masu tafiyar da ita, su kuma raba abin da ta samar.

Dala, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da dubu 400, wuri ne na sana'ar hannu tun asali, domin a gindin dutsen da ta ci sunansa aka sami alamun narkar da tama na ƙarni na bakwai, kuma har gobe unguwanninta, daga Gwammaja zuwa Yalwa da Madigawa da Adakawa da Ƙofar Mazugal, cike suke da teloli da dukawa da masu walda da masu markaɗe, ga kuma kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake yanka ƙarfe ana haɗa shi. Kusan duk waɗannan sana'o'i a yau sun rataya ne a kan lantarki, kuma tsadarsa ta ƙaru ta fuska biyu cikin ɗan lokaci. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, abin da ya mayar da janareta kayan masu hali. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, wanda shi ne ma'aunin da mita ke ƙirga wutar da aka sha. Sai ga watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda, inda kowa ya gani da idonsa cewa wutar da birnin ke dogaro da ita daga nesa take tahowa, kuma igiya ƙalilan ce ke riƙe da ita.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a unguwannin birni wadda ta cancanci a tsaya a kanta, domin a cikinta asalin maganar yake. Idan taransifomar unguwa ta ƙone, dattawa sukan haɗu a ƙofar gidan mai unguwa ko a masallaci, a yanka wa kowane gida abin da zai bayar, matasa su bi gida-gida da littafi suna karɓa, har a tara kuɗin gyara ko na sayen sabuwa. Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi nauyi ne na kamfanin rarraba wuta, ba na masu shan wutar ba, amma mutanen da abincinsu ya dogara da injin markaɗe ba sa iya jiran watanni, don haka suke biya. Abin takaicin shi ne, da zarar an ɗora na'urar a kan layi ta shiga lissafin kayan kamfani, waɗanda suka yi karo-karon ba su da takardar mallaka, ba su da rabo, kuma a ƙarshen wata takardar kuɗin wuta za ta zo musu kamar kowa. Wato jama'ar Dala sun riga sun iya haɗa kuɗi don lantarki, sun iya riƙe littafi, sun iya tilasta wa mai taurin kai ya biya; abin da ya rage kawai shi ne kuɗin da suke tarawa ya riƙa sayo musu mallaka maimakon ya tafi a matsayin kyauta.

Kafin a je ga yadda hakan zai yiwu, wajibi ne a faɗi gaskiya game da iska, domin an sha ruɗar mutane da hoton dogayen fankoki. Injin iska dogon turke ne mai fukafukai a samansa, iska ta juya fukafukan, su kuma su juya na'urar da ke haifar da lantarki. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da saurinta, yana ninkuwa ne sau uku a jere, ta yadda idan saurin iska ya ninka biyu ƙarfinta zai ninka takwas, kuma ko bambancin da ke tsakanin mita 4 da mita 5 a daƙiƙa guda ya kusa ninka wutar da za a samu. Wannan ne dalilin da ya sa kuskure kaɗan wajen zaɓen wuri yake iya kashe aikin miliyoyi, shi ne kuma dalilin da ya sa masana ke kafa ma'aunin iska a tsayin da injin zai tsaya, su auna aƙalla shekara guda cur kafin a zuba kwabo. Injin yana son iska miƙaƙƙiya mai tahowa daga fili, kuma cikin ganuwa, inda gidaje suka cushe da juna, lunguna suka karkace, benaye suka tashi nan da can, iska takan wargaje ta yi ta jujjuyawa ba tare da ƙarfin kirki ba. Saboda haka Dala ba wurin injin iska ba ce, kuma duk wanda ya hango saman Dutsen Dala ya yi sha'awar kafa turke a kansa, ya kamata ya tuna cewa dutsen shi ne mafarin tarihin Kano tun zamanin Barbushe, yana kuma fama da zaizaya da matsin gine-gine, ba ya buƙatar a ƙara masa nauyin ƙarfe da kankare. Rabon birni yana cikin rana, rabon iska kuma yana can a filayen karkara, musamman tudun Jos da sassan Katsina da Sakkwato da arewacin Kano, inda iskar hunturu ke tahowa daga arewa maso gabas ba tare da shamaki ba.

Arewa ta riga ta gwada iska, kuma gwajin yana da darasi mai ɗaci. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta taɓa kafa ƙaramin inji mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada, amma babban aikin shi ne na Lambar Rimi a Jihar Katsina, wanda aka faro tunaninsa a 2005 lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yake gwamna, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi bayan ya zama shugaban ƙasa a 2007, aka kuma ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilarsa. An tsara injuna 37, kowanne mai kilowat 275 a kan turke mai tsayin mita 55, jimilla megawat 10, kuma megawat guda kilowat dubu ne. Injunan masu fukafukai biyu ne, waɗanda ake iya kwantar da su ƙasa don gyara ba tare da neman babbar ƙugiya ba, wato irin da ya dace da wurin da manyan kayan aiki ke da wuyar samu. A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamban 2013, aikin ya tsaya cik, kuma bayan haka aka shafe shekaru ana sanya ranar kammalawa ana ɗagewa, ana kuma ba da rahoton sace kayan aiki da lalacewar wasu injunan tun ba su yi aikin da aka kawo su yi ba.

Ba za a ɗora laifin wannan jinkiri a kan abu guda ba, domin rashin tsaro da canjin gwamnatoci da matsalar kuɗi duk sun taka rawa, amma akwai giɓin da ba a cika ambata ba. Manomin da ke noma a gefen turakun ba shi da hannun jari a cikinsu, matar da ke surfe a ƙauyen da ke kallonsu ba ta jiran wani rabo daga gare su, don haka idan inji ya tsaya ba wanda ya yi asara a Lambar Rimi, kuma idan ɓarawo ya zo kwance waya da dare ba dukiyar kowa ya taɓa ba, ta gwamnati ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma aikin da masu shi ke zaune a ofisoshin Abuja ba zai sami mai jin ɗigar ruwan ba.

A wasu ƙasashe an bi wata hanya dabam. A Danmak, a cikin teku daura da birnin Kofanhagan, an kafa injuna 20 masu megawat 2 kowanne a shekarar 2000, a wurin da ake kira Middelgrunden, rabinsu mallakar kamfanin wutar birnin, rabin kuma na ƙungiyar gama kai mai mambobi fiye da dubu 8, yawancinsu talakawan gari da suka sayi ƙananan hannayen jari. Daga baya ƙasar ta yi doka a 2008 wadda ta wajabta wa duk mai kafa injin iska ya tallata aƙalla kashi 20 cikin ɗari na jarin ga maƙwabtan wurin, dokar da ta yi aiki fiye da shekara goma. Misalin da ya fi kusa da ƙarfin ƙauyen ƙasar Hausa shi ne na tsibiran Sikotilan. Mutanen tsibirin Gigha sun sayi tsibirinsu a 2002, suka kafa injuna uku na hannu masu kilowat 225 kowanne, suna sayar da wutar suna zuba ribar a asusun al'umma don gyaran gidaje. A tsibirin Eigg kuma, mai mutane kusan ɗari, an haɗa iska da rana da ruwa a layi guda a 2008, aka horar da 'yan tsibirin su riƙa gyara da kansu, aka kuma amince cewa gida ba zai ja fiye da kilowat 5 a lokaci guda ba, wurin sana'a kuma kilowat 10, wanda ya wuce haka wutarsa ta yanke shi kaɗai. Mutane sun karɓi wannan iyaka ne domin su suka sanya ta, kuma sun san adadin abin da tasharsu ke iya bayarwa. Kishiyar wannan ta faru a Kenya, inda aka kafa injuna 365 masu megawat 310 kusa da Tafkin Turkana, aikin ya yi nasara ta fuskar wuta, amma makiyayan yankin suka kai ƙara kan filin kiwonsu, har kotu ta soke takardun mallakar filin a 2021. Duk mai tunanin kafa turaku a ƙasar da gona da burtali ke haddasa rigima dole ya riƙe wannan shari'a a ransa.

Kano kanta ba baƙuwa ba ce a harkar wutar rana. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta kai sola kasuwar Sabon Gari a 2018 ta hannun kamfani mai zaman kansa, an buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a watan Satumban 2019, an buɗe wata mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa a watan Janairun 2023, sannan akwai ƙaramar tasha mai megawat 1 a Zawaciki da ke aiki tare da layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO. Tashar Challawa tana da wani abin lura a tsarin mallakarta, domin Gwamnatin Tarayya ke da kashi 80 cikin ɗari, Jihar Kano kashi 15, Ƙaramar Hukumar Kumbotso mai masaukin aikin kashi 5. Wannan kashi 5 amincewa ce da cewa mai masauki yana da haƙƙi, sai dai ya tsaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, bai sauko hannun mazauna ba. Haka ma ƙa'idar ƙananan tashoshi da Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023, wadda ta ba da damar kafa tasha mai layinta har zuwa megawat 1, ta kuma sauƙaƙa wa wadda ba ta wuce kilowat 100 ba ta yi rajista kawai. A inda layin kamfani ya riga ya isa, ƙa'idar ta tanadi yarjejeniyar ɓangarori uku, wato al'umma da mai kafa tasha da kamfanin rarraba wuta, amma a aikace al'umma takan sa hannu ne a matsayin mai saye, alhali babu abin da ya hana ta zama mai kafa tashar da kanta ko abokiyar tarayya a cikinta.

Idan aka sauko da wannan tunani cikin Dala, matsala ta farko ita ce rufi. Gidajen cikin birni da yawa na gado ne, magada goma ko ashirin ke da haƙƙi a kan gida guda, wasu kuma soraye ne na ƙasa da ba za su ɗauki nauyin faifan sola ba, don haka tsarin kowa ya kafa nasa zai bar mafi yawan mutane a baya, musamman 'yan haya. Manyan rufunan da ake da su na makarantun firamare ne da Islamiyyoyi da masallatan Juma'a da rumfunan kasuwa da asibitocin unguwa, kuma waɗannan su ne ƙungiyar gama kai ta unguwa za ta iya karɓa haya ko ta biya su da wuta kyauta. Sa'ar da Dala ta yi ita ce buƙatarta ta rana ce, domin tela da mai walda da mai markaɗe da mai tura ruwan burtsatse duk da rana suke aiki, lokacin da faifan ke bayar da wuta kai tsaye, wanda hakan ke rage yawan batir da za a saya, kuma batir shi ne mafi tsada da saurin mutuwa a cikin kayan. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da ɗinki, su ne suka fi jin ciwon ɗaukewar wuta, kuma su ne suka fi kowa ƙwarewa a adashi, don haka ƙungiyar da ta sanya farashin hannun jari sama da ƙarfinsu, ko ta riƙa taro a inda ba sa zuwa, ta yar da mafi amincin masu zuba jarinta.

Ta fuskar addini ma hanyar a buɗe take, abin da ke da muhimmanci ga jama'ar da ke gudun bashi mai kuɗin ruwa. Musharaka, wato haɗa jari a raba riba bisa yarjejeniya a kuma ɗauki asara gwargwadon jarin kowa, ita ce ainihin siffar ƙungiyar da ake magana a kai, kuma bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano ya sa irin waɗannan ma'amaloli sun zama sanannu a kasuwa. Wakafi kuma, wato tsayar da dukiya don amfaninta ya riƙa gudana ga jama'a, yana da asali tun rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa mutane, kuma attajirin da ya sayi hannun jari ya tsayar da ribarsa don biyan wutar asibitin unguwa ko ta marayu ya bi wannan sawu.

Haɗarin da ke tattare da tsarin ba ƙarami ba ne, kuma rufe ido a kansa cin amanar masu karatu ne. Ƙungiyoyin gama kai da dama sun mutu a ƙasar nan saboda ma'aji ya ci kuɗi, ko ɗan siyasa ya mayar da su dandalin yaƙin neman zaɓe, ko kunya ta hana a yanke wa babban mutum wuta idan ya ƙi biya. Mita mai kati, wadda ake biya kafin a sha, tana kawar da wannan kunyar, domin na'ura ba ta san surukin mai unguwa ba. Asusun banki mai sa hannun mutum uku, da karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, da mai binciken kuɗi daga wajen unguwa, su ne garkuwa daga ma'aji. Babban tarkon kuwa shi ne raba duk kuɗin da ya shigo a matsayin riba. Faifan sola yakan kai shekara 25 yana aiki, amma batir mai ruwa ba ya wuce 'yan shekaru a zafin Kano, na litiyom ma yakan nemi canji bayan kamar shekara goma, haka ita ma inbata, na'urar da ke juya wutar faifai zuwa irin wadda kayan gida ke sha. Ƙungiyar da ba ta ware kaso na kowane wata don wannan rana ba za ta wayi gari da faifai masu kyau a kan rufi da duhu a ƙasa, kamar yadda fitilun titi da burtsatsen sola na ayyukan mazaɓu suka mutu a garuruwa da yawa don ba a tanadi mai gyara ba. Ƙurar hunturu ma aiki ce, domin tana rage hasken da ke isa faifai, dole a ɗauki matasan da za su riƙa gogewa a kan albashi.

A nan ne iskar karkara take sake shigowa, domin watannin da hazo ke dusashe rana su ne watannin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, kuma iska ba ta tsayawa don dare ya yi. Ƙauye yana da fili da iska amma jarinsa kaɗan ne, birni yana da jari da buƙata amma ba shi da fili, kuma alaƙar da ke tsakaninsu tsohuwa ce, tunda hatsin da ake ci a Dala ta kasuwar Dawanau yake shigowa, fatar da dukawa ke ɗinkawa daga dabbobin karkara take fitowa. Inji guda ko biyu masu matsakaicin girma, a wurin da aka auna aka tabbatar, haɗe da sola, wanda manoman da suka ba da fili ke riƙe da hannun jari a madadin filinsu maimakon diyyar lokaci guda, 'yan asalin garin da ke kasuwanci a birni kuma suka cika sauran kuɗin, zai iya tafiyar da famfunan noman rani da injunan casar shinkafa da ɗakin sanyaya tumatir.

Gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 da Dokar Lantarki da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka abubuwan da ake buƙata sun dawo kusa da gida. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana iya wajabta wa duk mai kafa tashar iska ko ta rana a jihar ya tallata wani kaso na jarin ga mazauna wurin da sunayensu, tana iya tanadar cewa taransifomar da unguwa ta saya a rubuta ta a matsayin jari ko bashi da za a cire daga kuɗin wuta, tana kuma iya ɗaukar nauyin kafa ma'aunan iska a ƙananan hukumomin arewacin jihar tare da Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, a kuma buga sakamakon da Hausa, domin ƙungiyar ƙauyen da za ta zuba kuɗinta ta san saurin iskar garinta wata bayan wata kafin ta sayi turke.